Turakun da Ba Su Taɓa Kawo Wuta Ba

A Tungar Gidaɗo muna da turakun lantarki ashirin da uku, na siminti, dogaye, kuma tun da aka kafa su ko ƙwan fitila ɗaya ba su taɓa kunnawa ba. Na fara da wannan ne don kada wani ya ji irin rigimar da muka tafka kan sayar da hukumar wuta ya zaci mun taɓa ganin wutar.

An kafa su ne shekarar da aka tare gulbi a Goronyo. Manyan motoci suka shigo fadamarmu suka baje ta don noman rani, suka tuge goriba da aduwa da duk wata shaida da kakanninmu suka dasa don raba gona da gona. Da suka gama, ba wanda ya san inda tasa ta fara. Ana cikin wannan ruɗani sai ga wasu ma'aikata sun jera turaku daga hanyar Taloka, suka ratsa fadama har bakin gari. Mai garin lokacin, mahaifin Tambari na yanzu, mutum ne mai dabara. Ya ce tun da gwamnati ta share iyaka ta kuma kafa wata, a raba fadama turke zuwa turke. Ka tsaya gindin turkenka ka fuskanci alƙibla, iyakarka ke nan har bakin kwatar ruwa.

Wayar kuwa an ja ta, ta yi damina biyu a sama tana jiran wuta, daga nan ta sauko ta zama ludayi da tukwane a kasuwar Rimawa. Ban ce ga wanda ya sauko da ita ba, amma kusan kowane gida ya ci tuwo daga jikinta.

Turakun dai sun yi mana aiki. Duk shekara idan aka saki ruwan dam, fadama takan nutse wata biyu. Kara ko dutsen da ka kafa don shaida, ruwa ya tafi da shi ko laka ta binne. Turaku kaɗai ke tsaye, balbela na hutawa a kansu. Ruwa na janyewa kowa ya nufi nasa ya fara fangalin albasa, ba gardama.

Ni Yusha'u, hedimastan firamare mai ritaya, gonata tana tsakanin turke na sha tara da na ashirin. Ta Kulu, matar yayana Sale, Allah ya jiƙansa, tana tsakanin na sha ɗaya da na sha biyu. Da gonar nan take ciyar da kanta da jikoki huɗu da 'yarta ta rasu ta bar mata. Ba ta da takarda, ba ta da namiji a gida, maƙwabcinta kuma Alhaji Siddiƙu ne, dillalin albasa, mai gona uku a jere daga turke na sha biyu. Shanun huɗar Alhaji suna da wani ciwo da ba a gano maganinsa ba: kowace shekara sai sun karkata wajen gonar Kulu. Ita kuwa ba ta faɗa. Takan je ta jingina da turke ta fuskanci gabas, shanun su warke.

Shekara ashirin da 'yan kai muna haka, sai rediyo ta ce gwamnati za ta sayar da hukumar wuta ga 'yan kasuwa. Kafin mako ya zagayo garinmu ya rabu biyu, 'yan a sayar da 'yan kar a sayar. Mutanen da ke kwana da aci-bal-bal suka koma masana harkar lantarki. Isa mahauci ya daina yi wa 'yan a sayar gyara. Akwai wa da ƙane da suka yi wata guda ba sa cin tuwo kwano ɗaya. Ni ina cikin 'yan kar a sayar, kuma gaskiya na ji daɗin lokacin, don tun da na bar aiki ba a saurare ni haka ba.

Da ƙaramar hukuma ta aiko cewa kowane gari ya rubuto ra'ayinsa, Tambari ya tara mu ƙofar gidansa bayan La'asar. Alhaji Siddiƙu ya fara, shi da ke da injin wuta ɗaya tilo a garin.

"Allah shi ba ka nasara, a saida. Abin da anka ce na kowa na, ba shi da mai shi. Jakin gari, wa ka ba shi dusa? In ɗan kasuwa ya saye, wuta za ta zaka, don ɗan kasuwa ba shi barin kaya nai kwance."

Liman, Malam Abdulƙadiri, ya gyara rawani. "Ni ban hana ciniki ba, amma ciniki na da sharaɗi. Ba a saida kihi cikin gulbi, ba a saida tsuntsu bisa iska. To wutag ga, wa yag gane ta? Mi za a miƙa ma mai saye?"

"To Malam, in babu ta, mi kaka jin tsoron a saida?" in ji Alhaji.

"Haramun nika jiye ma gwamnati," in ji Liman.

Daga nan na miƙe. Na yi magana kan dukiyar ƙasa, da haƙƙin 'yan baya, da yadda Turawa suka fara da ciniki suka ƙare da mulki. Na kai rabin sa'a. Ina tsakiyar kawo misali da wata ƙasa da ban taɓa zuwa ba sai na ga mutane suna waiwaye. Kulu ce tsaye bayan taro, fartanya a kafaɗa, ta dawo daga gona. Mata ba sa zuwa irin wannan zama, amma ita ta kai shekarun da ba a korar ta.

"Ranka shi daɗe, tambaya gare ni," ta ce da Tambari. "In an saida akuya, mai ita na kwance igiya tai shi koma da ita gida. Shi nika tambaya, turakun ga igiya na ko akuya?"

Aka kwashe da dariya. Ranar ce kaɗai 'yan a sayar da 'yan kar a sayar suka haɗu kan abu ɗaya. Ni na fi kowa, don akwai wasa tsakanina da ita, matar wa ce.

"Haba Yaya," na ce, "ana batun dukiyar ƙasa kina batun siminti. Wa za shi turo mota tun daga birni don turkenki?"

"To Hedimasta, ku kunka yi boko," ta ce, ta juya ta tafi.

Tambari mutum ne da ba ya son ɓata wa kowa. Ya yanke cewa a rubuta ra'ayin duka biyu cikin wasiƙa ɗaya, kuma ni zan rubuta tun da ni ke da Turanci. Na ba 'yan a sayar layi uku, na ba kaina shafi huɗu. Don in kunyata gwamnati, na bayyana mata irin asarar da take yi: turaku ashirin da uku na siminti, lafiyayyu, ko tsaga babu, tsaye ba waya ba wuta, ga hanyar burji a gefensu da ko babbar mota za ta bi. Har taswira na zana da rula, na sa wa kowane turke lamba, na rubuta a ƙasa cewa tazararsu daidai wa daida ce, don zanen ya fito tsaf. Da na karanta a gaban jama'a na fassara, har Alhaji ya ce alƙalamina ya fi takobi. Na yi kwana uku ina tafiya da ƙyar don nauyin kai.

Ina cikin rubutun nan ne ruwan farko ya sauka. Kulu ta yi sawu uku zuwa gaɓar gulbi wajen Rimawa, tana haƙo jema tana ɗorawa a ka. Jema ita ce ciyawar nan da ake saƙa faifai da ita, wadda saiwarta ke nutsawa ƙasa fiye da tsayin mutum, ambaliya ba ta kashe ta, wuta ba ta kashe ta. Da ita kakanni ke raba gona kafin zuwan motoci, amma mu mun manta da ita tun da muka sami siminti. Kulu ta dasa ta kewaye da gindin turakunta biyu. Ragowar ta kawo mini har zaure.

"Ga ta, ka kai gindin naka."

"Aje nan, Yaya, sai na ƙare wasiƙa."

A nan ta bushe, awaki suka watsar da ita. Alhaji kuwa har ƙara ya kai wa Tambari cewa Kulu na tara masa macizai a bakin gona.

Shekara ta zagayo. An sayar da hukumar, kuma daga baya muka ji cewa an gama cinikin tun kafin wasiƙarmu ta bar Goronyo. Ba abin da ya canja a garinmu, sai muka koma gardamar taki. Jemar Kulu ta yi tsawo har ƙirji.

Wata Talata da hantsi, cikin watan da ake jiran sakin ruwa, sai ga motoci biyu sun biyo hanyar burji, ɗaya mai ƙugiya ɗaya mai dogon baya. Gari ya fito. 'Yan a sayar suna gaba, Alhaji yana ta gyaran babbar riga yana duban mu 'yan kar a sayar ɗaya bayan ɗaya. Shugaban leburorin ya sauko, ya gaida Tambari da ladabi, ya ce yana neman Hedimasta Yusha'u. Na matso ina murmushi. Ya kama hannuna da hannu biyu ya yi mini godiya a madadin kamfani. A hannunsa akwai kwafin wasiƙata, har da taswirar.

Ashe a takardun hukuma babu layinmu sam. Fayil ɗin ya ɓace tun da daɗewa, waɗanda suka kafa turakun sun mutu ko sun yi ritaya, ba mahalukin da ya san da su. Sabbin masu hukumar suna neman duk abin da suka saya, sai wani akawu ya ci karo da shafi huɗuna. Allura ta tono garma. Za a kwashe turakun a kai wata sabuwar unguwa a birnin Sakkwato inda ake da masu biyan kuɗin wuta.

Tambari ya karɓi takardar izini ya juya ta gaba da baya, ya ga hatimi, ya mayar. Alhaji ya tambaya ko za a kawo sabbi. Mutumin ya ce za a duba. Liman ya daɗe yana kallon ƙugiya tana ɗaga turke na ɗaya, sannan ya ce a hankali, "Ashe akwai abin miƙawa. Cinikin ya inganta."

 Kunyar da na ji ranar ban taɓa jin irinta ba, kuma ba wanda ya zage ni, wanda ya fi zagin ciwo.

Kwana huɗu suka yi suna aiki. Ranar da suka iso na sha ɗaya, Kulu na zaune a gindinsa da ƙwaryar fura mai sanyi. Ta shayar da leburori, ta roƙe su abu ɗaya, su yi haƙarsu ta gefe guda su bar mata ciyawarta. Suka yi mata haka a turakun biyu. Sauranmu muka bi ramuka muna cusa duwatsu da itace, wani har da tsohuwar tayar keke. Kwana tara bayan haka aka saki ruwa.

Da ruwa ya janye, fadama ta fito sumul kamar an shafe daɓe, ba rami ba dutse ba tayar keke. Daga hanyar Taloka har bakin gari abu biyu kaɗai ke tsaye, kumburin jema biyu, laka ta kwantar da su amma suna nan kore. Ga irin albasa ya isa dashe, ga mutane ashirin da wani abu suna yawo cikin laka, kowa na rantsuwa turkensa a nan yake, kuma kowa nasa ya matsa cikin gonar maƙwabci.

Alhaji bai tsaya rantsuwa ba. Ya sa aka kawo shanu, suka shiga gonar Kulu taki goma sha biyar bayan jemar, suka ja kunya. Da ta yi magana ya ce, "Wace jema? Ruwa yak kawo ta. Ciyawa na tsira inda tag ga dama. Turkena can gaba yake."

Ta kai ƙara, Tambari ya sa ranar Alhamis a je gona a duba. Na san yadda irin wannan duba ke ƙarewa idan mai ƙara tsohuwa ce wanda ake ƙara kuma shi ke sayen albasar kowa. Waɗanda suka gan ta tana dashe da idonsu duk suka kamu da mantuwa. Idan taki goma sha biyar ya tafi, sulusin gonar ya tafi, kuma baɗi shanun za su ƙara karkata, ba turken da za ta jingina da shi. Na same ta a gida tana tankaɗe, na ce zan ba da shaida, kuma zan rubuta wa ƙaramar hukuma.

"Shaidar ƙanen miji ba ta ci, ka sani," ta ce. "Wasiƙa kuwa, guda ta ishe mu."

Gaba da gabanta, aljani ya taka wuta. Bayan gonakin Alhaji uku akwai na wani babban ma'aikaci mai ritaya da ke zaune a Sakkwato, wanda ba mu taɓa ganinsa ba sai wakilinsa da taraktarsa. Ranar Laraba taraktar ta zo. Ita ma ashe tana da ciwon shanun Alhaji, sai dai nata ya fi tsanani, don kafin azahar ta haɗiye gona ɗaya sukutum daga cikin ukun. Alhaji ya bi ta da gudu cikin laka yana ɗaga hannu. Wakilin ya kashe inji ya tambaye shi cikin natsuwa ina shaidarsa.

Ranar Alhamis muka taru a gona, har da wakilin. Tambari bai gama sallama ba Alhaji ya tattare riga ya durƙusa gaban jemar da ya ce ruwa ya kawo. Da hannunsa ya buɗa ta. Ta fito kamar jinjirin wata, a tsakiyarta ga gurbi mai kusurwa huɗu cike da laka, daidai kaurin gindin turke.

"Ku diba, jama'a," ya ce. "Ciyawa na tsira da kusurwa? Nan turke na sha biyu yat tsaya. Daga nan za a auna min gona ukku."

"Shekaranjiya kac ce ruwa yak kawo ta," in ji Tambari.

"Ban diba da kyau ba."

Liman ya ce tun da magana ta zama biyu, sai Alhaji ya maimaita ta ƙarshen sau uku a gaban shaidu. Alhaji ya maimaita, yana durƙushe, laka har gwiwa: iyakar Kulu daidai take, nan turken yake. Kulu na tsaye gefe ta harɗe hannu a baya tana kallon gabas, kamar ba da ita ake ba.

Aka kawo igiya aka ja daga jema zuwa jema, aka ƙulla. Da wannan ƙulli aka auna fadama duka, gida bayan gida. Wakilin mai tarakta ya dubi yawan jama'a ya ce dama kuskuren direba ne. Shanun Alhaji suka dawo suka rufe kunyar da suka ja. Har yau idan za a auna gona a garinmu, igiyar Kulu ake cewa a ɗauko.

Da aka iso tawa na ce a dakata. Kowa ya san tazarar na sha tara da na ashirin ta fi sauran faɗi, don akwai kwari a wurin, masu kafawa suka tsallake shi. Taki goma sha biyu ne bambancin, shekara ashirin ina noma su. Tambari ya ce gaskiya ne, amma ina shaida? Sai Alhaji, wanda ke neman wanda zai huce a kansa, ya tuna wa jama'a cewa akwai takarda. Hedimasta da kansa ya rubuta wa gwamnati cewa tazarar daidai wa daida ce, kuma ya karanta mana a ƙofar mai gari. Aka dube ni. Na ce a ja igiya.

Washegari da hantsi ina tsaye a sabuwar iyakata ina kallon taki goma sha biyun da suka koma hannun wani, sai ga Kulu ta biyo kan kwata da dami a ka. Ta sauke a gabana. Jema ce, da saiwarta da lakarta, daga gindin nata ta tsago.

"Yaya, ni nij jawo maki wanga duka," na ce.

"Kai kaj jawo, ba musu." Ta miƙo mini fartanyarta. "Haƙa da zurhi. Kuma in ta kama, don Allah kak ka rubuta ma kowa."